Kulle faifan ajiya a gajimare: makullin yana hannun wa?

Duk wanda ya taɓa ratsa Tiptoe Lane a Circle, cikin birnin Accra, ya san teburan nan da ake jera tsoffin faya-fayan kwamfuta a kansu, wasu har da takardar kamfanin da ya yi amfani da su manne a jiki. Mai saye zai duba girma, ya taya, ya biya, ya tafi. Ba a cika tambayar abin da ke ciki ba, alhali sau da yawa akwai abu a ciki. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta Kanada sun zo Ghana bin sawun sharar kayan lantarki, suka sayi wani faifai a kan dala 40, da suka buɗe sai ga takardun kwangilolin tsaro tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman. Kafin nan, a 2003, Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan tsoffin faya-fayai 158 da suka saya, inda suka tsinci dubban lambobin katin banki da bayanan marasa lafiya. An rushe Agbogbloshie, babbar matattarar sharar kayan lantarki ta Accra, a 2021, amma cinikin tsohon faifai yana nan daram.

Ina kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai, na wani ƙaramin kamfanin ajiya da bashi a nan Accra. Masu hulɗa da mu yawancinsu iyayenmu mata ne 'yan kasuwa na Nima da Mamobi da Madina, da mahauta, da direbobin tirotiro. A hannunmu akwai lambar Ghana Card ta kowa, da lambar wayar da yake karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, da adadin bashin da ake bin sa. Wata uwar ko mijinta bai san abin da ta tara ba, amma mu mun sani. Wannan amana ce mai nauyi, kuma ita ta sa na ɗauki batun kulle faifai da zafi.

Ranar da na tsaya gaban shugabannin kamfanin ina yi musu albishir cewa mun kulle dukkan faya-fayanmu, na kawo sunayen fasahohi masu daɗin ji. Shugaban kwamitin, wani dattijo da ya yi shekaru yana da sito a Tudu, ya bari na gama sarai, sannan ya ce, "Yarona, na ji ka ce an sa kwado. Makullin yana hannun wa?" Na ce, "Alhaji, yana cikin na'ura." Ya ce, "Ita na'urar, wa ke da makullinta?" Na yi shiru, don amsar da ke bakina ba za ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Abin da zan warware a nan amsar wannan tambaya ce.

Abin da ake kira gajimare ba wani abu ba ne illa tarin sabobi a wani gini, ana yanka ƙarfinsu ana ba mutane kamar yadda ake yanka babban gida a ba 'yan haya ɗaki-ɗaki. Tun ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, bankuna da ofisoshi a Accra suka wuni cikin wahala, mutane da yawa sun fara tunanin ajiye bayanansu a cikin gida. Ga kuma kuɗin hayar gajimaren ƙetare da ake biya da dala alhali cinikinka da sidi ne. Mai son gina nasa yakan koma ga manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa zai iya ɗauka ya duba cikinsu ya gyara, kuma babbarsu ita ce OpenStack, wadda hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka ƙaddamar a 2010. Tana da sassa, kowanne da aikinsa. Nova ke tayar da kwamfutocin haya, Cinder ke yanka faifan ajiya ya haɗa musu, Glance ke riƙe da hotunan tsarin da ake ɗora sabuwar kwamfuta a kai, Keystone ke tsaron ƙofa yana tantance kowa, Barbican kuma shi ne ma'ajin makullai. A ƙarƙashin Cinder galibi za ka tarar da Ceph, wadda ita ke mu'amala da ainihin faya-fayan ƙarfe.

Faifan da Cinder ya ba ka ba faifai guda ba ne da za ka nuna da yatsa. Ceph tana daddatsa shi gutsure-gutsure, kowanne megabait 4 a saitin asali, ta yi wa kowane gutsure kwafi 3, ta watsa su a sabobi daban-daban. Saboda haka faifan ƙarfe ɗaya da ya mutu yana ɗauke da gutsattsarin bayanan mutane masu yawa. Faifan da ya mutu kuwa ba ya karɓar umarnin gogewa. Idan yana cikin garanti, dillali zai ce a mayar masa kafin ya ba da sabo. Idan ba ya ciki, zai zauna a kwali a lungun ofis har ranar da wani zai ga ƙarfe ne mai kuɗi. Sabbin faya-fayan SSD ma sun fi wuyar sha'ani, don suna da wuraren ajiya na ɓoye da suke juya rubutu a kansu don kada gefe ɗaya ya gaji, kuma gogewar da aka saba ba ta kai wa can. Dabarar da ta rage, ban da guduma, ita ce tun farko kada a bari wani abu mai karantuwa ya sauka a kan ƙarfen.

A duniyar Linux, tsarin da sabobin nan ke aiki a kansa, wannan aiki na hargitsa bayanai kafin su sauka a faifai na dm-crypt ne, wanda ya shiga zuciyar tsarin a 2004, da kuma LUKS, tsarin da Clemens Fruhwirth ya fitar a wannan shekarar don a samu hanya ɗaya ta jera makullai a kan faifai. Lissafin da ke hargitsa bayanan shi ne AES, ƙirar wasu masana 2 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, wanda hukumar NIST ta Amurka ta amince da shi a 2001. A kan wannan lissafi ba ni da damuwa ko kaɗan. Babu wani yaro a Circle, babu ma wata ƙungiyar ɓarayi, da za ta zauna ta fasa shi da ƙarfin kwamfuta. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa da kwado mai ƙarfi muddin zai iya samun makulli.

Yadda LUKS ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan mutane ke ruɗewa. Makulli 2 ne, ba ɗaya ba. Akwai babban makulli, wanda aka ƙirƙira da ka ranar da aka shirya faifan, kuma shi ne ke hargitsa kowane rubutu yana warware kowane karatu. Wannan babban makullin ba a ba kowa shi. Ana saka shi ne a farkon faifan, a wani yanki da zan kira goshin faifai, a kulle da kalmar sirri. Ka ɗauka makullin shago ne aka jefa cikin ƙaramin akwatin ƙarfe da ke bakin ƙofa, akwatin kuma yana da ƙofofi da yawa, kowacce da nata kwado. LUKS na farko yana da gurbi 8, na 2 da ya fito a ƙarshen 2017 tare da cryptsetup 2.0, manhajar da ake sarrafa LUKS da ita, yana ɗaukar har 32, kuma yana amfani da Argon2, wanda ke cin ƙwaƙwalwar na'ura da gangan don ya gajiyar da mai gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsari yana da daɗi, don za ka iya canza kalmar sirri cikin daƙiƙoƙi ba tare da sake rubuta terabait ɗin bayanai ba. Amma yana da ƙaya 2. Ta farko, canza kalmar sirri ba ya canza babban makulli. Wanda ya taɓa kwafe tsohon goshin faifai kuma ya san tsohuwar kalma, ko ya taɓa ganin babban makullin, har gobe zai buɗe, ko ka canza kalma sau 10. Ta biyu, idan goshin ya lalace, komai ya tafi, ko da kana riƙe da kalmar sirri daidai. 'Yan megabait ne kawai, kusan 2 a LUKS na farko da 16 a na 2, amma rayuwar faifan gaba ɗaya a kansu take.

To, a OpenStack ba mutum ne ke zama yana buga kalmar sirri ba. Mai kula da gajimare yana ƙirƙirar nau'in faifai, ya ce duk faifan da aka yanka da wannan nau'i a kulle shi da LUKS, da lissafin aes-xts-plain64, da makulli mai tsawo kaza, kuma a riƙa kullewa da buɗewa a kan sabar da kwamfutar hayar ke zaune. Daga nan, duk lokacin da wani ya nemi faifai, Cinder zai roƙi Barbican ya ƙirƙiro sabon sirri na wannan faifan kaɗai, shi kuma ya riƙe lambar shaidar sirrin a rumbun bayanansa. Ranar da za a haɗa faifan da kwamfuta, Nova zai je wurin Barbican da izinin mai faifan, ya karɓo sirrin, ya mayar da shi kalmar da ke buɗe gurbin LUKS. Kwamfutar hayar ba ta ma san an yi ba, faifai kawai take gani. Abin da ke bi ta waya zuwa Ceph kuwa, da abin da ke sauka a ƙarfe, hargitsattse ne.

Wani ɗan abin lura game da tsawon makulli: salon XTS, wato hanyar da ake amfani da AES a kan faifai a wannan saiti, yana raba makulli gida 2. Idan ka rubuta 256 a saitin nau'in faifai, AES mai 128 ka samu. Mai son AES mai 256 sai ya rubuta 512. Duka biyun suna da ƙarfi, amma idan ka sa hannu a takardar mai binciken banki cewa 256 kake amfani da shi, gara maganar ta zama gaskiya. Kuma da zarar an yanka faifai da wani nau'i, ba a sake taɓa saitin kullensa, don haka tun ranar farko ake natsuwa.

Kulle faifai ya shiga OpenStack a fitowarta ta 2013 da aka raɗa wa suna Havana. A lokacin, wanda bai kafa ma'ajin makullai ba yakan rubuta makulli guda, mai suna fixed_key, a fayil ɗin saiti na Cinder da Nova, kuma wannan makulli ɗaya ne ke buɗe kowane faifai na kowane ɗan haya. Gida mai ɗaki 100, makulli ɗaya, rataye a zaure. Masu manhajar sun faɗa ƙarara cewa na gwaji ne, amma abin gwaji ya saba zarcewa ya zama na aiki. A fitowar Queens ta 2018 aka ba Cinder hanyar kwashe irin waɗannan faya-fayai zuwa Barbican da kansa. Sai dai kwashewar wurin ajiya take canzawa, sirrin da ke buɗe tsoffin faya-fayan shi ne dai na da. A wannan fitowar ce kuma Nova ya fara barin QEMU, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar hayar a kan saba, ya buɗe LUKS da kansa, abin da ya sauƙaƙa kulle faya-fayan da ke kan Ceph. QEMU LUKS na farko yake ganewa, shi ya sa za ka ga gajimare na zamani yana amfani da tsohon tsari, kuma ba sakaci ba ne.

Yanzu mun iso ainihin tambayar Alhaji. Bayanai suna kulle da babban makulli. Babban makulli yana kulle da sirrin da ke Barbican. Barbican ma ba ya ajiye sirrin a fili, yana kulle shi da makullin da ya ware wa kowane rukunin 'yan haya, shi ma wannan yana kulle da wani uban makulli. To, uban makullin fa? A nan sarƙar ta ƙare, kuma dole ta ƙare a wani wuri. A hanya mafi sauƙi, uban makullin layi ɗaya ne na rubutu a fayil ɗin saitin Barbican, baiti 32, bai kai saƙon tes ɗaya ba. An daɗe manhajar tana zuwa da wani na misali wanda duk mai intanet zai iya karantawa, kuma wanda ya kafa Barbican bai canza shi ba, ya sa kwado ne ya bar makulli a jiki. Wanda ya samu wannan fayil tare da kwafin rumbun bayanan Barbican ya samu sirrin kowane faifai.

Hanya mafi ƙarfi ita ce na'urar HSM, akwatin ƙarfe da aka ƙera don makulli ya zauna ciki ba ya fita, sai dai a miƙa masa abu ya kulle ko ya buɗe. Barbican yana iya aiki da irinsu. Tsadarsu ba ta ƙaramin kamfani ba ce, kuma guda ɗaya ba ta isa, don ranar da ta mutu kun mutu tare. A tsakiya akwai Vault, manhajar ajiye makullai wadda kamfanin HashiCorp ya sauya wa lasisi a Agusta 2023, har wasu suka ɓalle da OpenBao don ta ci gaba da zama a buɗe. Ra'ayina shi ne, banki ko kamfanin da ke hayar gajimare ga jama'a ba shi da uzurin rashin HSM. Ƙaramin kamfani irin namu zai iya zama da hanya mai sauƙi, da sharaɗin ya ƙirƙiri uban makullinsa da kansa, ya ware Barbican a sabar da mutum 2 ko 3 kawai ke shiga, kuma kada kwafin fayil ɗin saiti da kwafin rumbun bayanai su taɓa kwana wuri ɗaya. Abin da ba na yarda da shi shi ne mutum ya zauna da hanya mai sauƙi yana gaya wa masu hulɗa da shi cewa babu mai iya ganin bayanansu.

Tsoron sata shi ne kowa ke kawowa. Ni wanda ya fi hana ni barci shi ne ɓata. Wata rana wani ƙanena a sana'a, yaro mai ƙwazo da son tsafta, ya leƙa Barbican ya ga jerin sirrika masu dogayen lambobi, babu abin da ke nuna masa na mene ne. Ya ɗauka tarkacen gwaji ne, ya goge guda 4. Babu abin da ya faru. Kwamfutoci suka ci gaba da aiki, don makullin yana riga yana kan sabar da ke riƙe da su. Sai bayan kwana 9, da muka cire wani faifai za mu haɗa shi da wata kwamfutar, Nova ya je karɓo sirri aka ce babu. Ya zo ya same ni jikinsa na rawa, ya ce, "Yaya, ina jin ni ne." Na ce masa, "Zauna, ƙanena, ba laifinka kaɗai ba ne, ni na ba ka izinin da bai kamata ka samu ba." Abin da ya cece mu shi ne muna ɗaukar kwafin rumbun bayanan Barbican kowane dare muna ajiye na wata guda, kuma uban makullin bai canza ba. Da kwafin mako ɗaya muke ajiyewa, da lissafin bashin mutane ya zama hayaƙi, kuma babu injiniya a duniya da zai dawo da shi.

Wannan kaifin shi ne kuma amfanin abin. Idan ka goge faifai a Cinder, sirrinsa ma yana tafiya, sai gutsattsarin da suka rage a ƙarfe su zama shara marar ma'ana. NIST ta amince da wannan a matsayin hanyar share bayanai a takardarta mai lamba 800-88. Sai dai ka lura, kwafin ko-ta-kwanan da ya cece mu yana nufin sirrin da aka goge yana nan da rai har tsawon wata guda. Duk wanda ya tsawaita ajiyar kwafin makullai ya rage haɗarin ɓata, ya kuma jinkirta mutuwar abin da ya goge. Babu saitin da zai ba ka duka biyun, zaɓi ne da za ka yi ido buɗe, ka rubuta shi.

Faifai kuma ba ya zama shi kaɗai, yana haihuwa. Ana ɗaukar hotonsa na wani lokaci, ana kwafe shi a yi sabo, ana yi masa ajiyar ko-ta-kwana, ana tura shi Glance ya zama hoton tsari. Duk waɗannan suna fita a kulle, kuma kowanne yana dogara da sirri a Barbican. Yawanci Cinder yana kwafar sirrin ne ya ba shi sabuwar lamba, don goge uwa kada ya kashe 'ya'ya, amma abin da ke cikin sirrin iri ɗaya ne. Ma'ana, faifai 20 da aka kwafo daga uwa ɗaya suna iya zama dangi masu babban makulli ɗaya. Hatta miƙa kullallen faifai daga wani rukuni zuwa wani bai yiwu ta hanyar da aka saba ba sai a fitowar Zed ta 2022, don ba faifan kaɗai ake miƙawa ba, har da mallakar sirrinsa.

Inda wannan ya fi cizo shi ne ajiyar nesa. Da yawa cikinmu muna tura kwafi Kumasi, don idan gobara ko ambaliya ta ci ginin Accra a samu madogara. Wanda ya ga ruwan 3 ga Yuni 2015 a Circle ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Amma kwafin da ke Kumasi kullalle ne, makullinsa kuma yana Barbican na Accra. Idan ginin ya tafi da Barbican, abin da ke Kumasi buhun yashi ne. Na ga tsare-tsaren ko-ta-kwana masu shafuka da yawa da ba su ambaci makulli ko sau ɗaya ba.

Tsoffin faya-fayai da ba a kulle ba tun farko, hanyarsu ita ce a sauya musu nau'i tare da ƙaura: Cinder ya yanka sabo kullalle, ya kwashe komai, ya goge tsohon. Yana cin lokaci da wuri. Tsoffin kwafe-kwafen ko-ta-kwana kuwa suna nan a buɗe yadda suke har sai an bi su an share. Haka faifan wucin gadi da Nova ke ba kwamfutar da ba a tayar da ita daga Cinder ba, shi kullen Cinder bai shafe shi ba.

Kuɗin da ake biya bai kai yadda ake tsoro ba. Tun 2010 na'urorin Intel ke zuwa da umarnin AES a cikin ƙwaƙwalwarsu, AMD ma ta bi, don haka nauyin lissafin ya ragu ƙwarai, kuma kowa zai iya auna nasa da cryptsetup kafin ya yanke hukunci. Asarar gaske tana wurin ajiya: hargitsattsen bayani ba ya matsuwa, kuma na'ura ba ta iya gane cewa gutsure 2 iri ɗaya ne ta ajiye guda. Wanda ya yi kasafinsa bisa matsewa zai sayi ƙarin faifai. Goshin LUKS ma yana cin nasa, shi ya sa hoton tsari mai gigabait 10 cif ba ya shiga kullallen faifai mai gigabait 10.

Wasu sukan ce ai Ceph ma tana kulle faya-fayanta na ƙarfe, me ya sa za a wahala da Barbican? Gaskiya tana yi, da dm-crypt, kuma wannan ya wadatar a kan matsalar Tiptoe Lane. Amma makullan suna wurin sabobin da ke sa ido a kan Ceph ɗin kanta, don haka mai kula da Ceph yana ganin bayanan kowa a buɗe. Kullen Cinder yana raba ɗan haya da ɗan haya, yana kuma rufe idon mai kula da ajiya. Mu duka biyun muke yi.

Akwai iyakar da ya wajaba a faɗa wa shugabanni ba tare da kwana-kwana ba. Kullen nan yana kare faifan da ke kwance ne. Muddin kwamfuta tana aiki, ƙofa a buɗe take. Ɓarawon da ya shiga ta manhajar da ba a sabunta ba, ko ya saci kalmar sirrin ma'aikaci, zai karanta komai kamar mai gida. Masu garkuwa da bayanai za su ɗora nasu kwado a kan naka. Salon XTS yana ɓoye abu ne, ba ya gaya maka idan wani ya lalata shi. Sannan makullin yana zaune a kan sabar da ke ɗauke da kwamfutar muddin faifan yana haɗe, don haka mai cikakken iko a kan wannan sabar zai iya kai wa gare shi, kuma faifan sabar ita kanta ya kamata a kulle. Idan haya kake yi a gajimaren wani, to amsar tambayar Alhaji ita ce makullin yana hannun mai gidan haya. Fasahohi irin su SEV na AMD, wanda Nova ya fara tallafa wa a fitowar Train ta 2019, suna ƙoƙarin rufe ƙwaƙwalwar kwamfutar haya daga idon mai saba, amma sai na'urorin sun dace kuma an kunna.

Wanda bai yarda da mai gidan haya ba zai iya sa nasa LUKS a cikin kwamfutar hayar, ya riƙe kalmar da kansa. Yana rage haɗari, ko da yake bai kawar da mai saba gaba ɗaya ba. Matsalarsa a ƙasarmu sananniya ce ga duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta: wuta ta ɗauke, janareta ya yi gardama, sabobi suka tashi ƙarfe 3 na dare, wa zai buga kalmar? Wasu manhajoji 2, Clevis da Tang, suna magance wannan, faifai ya buɗe kansa muddin yana jin sabar makulli a cikin gidan, ya ƙi buɗewa idan an fitar da shi waje. Sai dai ita ma sabar Tang ta zama wani abin tsaro, tambayar ta sake dawowa.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan da suka dace don kare su, da sanar da Hukumar Kare Bayanai da mutanen da abin ya shafa idan wani ya kai gare su ba da izini ba. Ga Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, ga kuma umarnin da Babban Bankin Ghana ya fitar a 2018 ga cibiyoyin kuɗi. Mai bincike na ƙwarai ba ya tsayawa a kan "kun kulle?" Zai nemi sunayen masu iya taɓa makulli, da rajistar wanda ya karɓi wane sirri a wace rana.

Bayan wata 2 na koma gaban kwamitin. Na ce, "Alhaji, makullin kowane faifai yana Barbican, mutum 3 ne ke iya shiga sabarsa, ga sunayensu. Kwafin uban makullin mun raba shi kashi 3 da lissafin da Adi Shamir ya fitar a 1979, yadda sai an haɗa kashi 2 zai dawo, kashi ɗaya ba ya nuna komai." Kashi ɗaya yana akwatin banki, ɗaya yana Kumasi, ɗaya muka sa a ambulan muka miƙa masa. An cire wa ma'aikata izinin goge sirri kai tsaye. Kowane wata 3 muna tayar da Barbican na gwaji a Kumasi daga kwafi kawai, mu buɗe faifai ɗaya, mu karanta lissafin da ke ciki. A gwajin farko faifan ya ƙi buɗuwa, don an yi kuskuren harafi ɗaya wajen kwafe kashin da ke Kumasi da hannu, sai da muka sake bugawa da na'ura. Alhaji ya juya ambulan ɗin, ya sa hannu a kan bakin da aka liƙe, ya tambayi ranar gwaji na gaba, ya ce a zo a ɗauke shi, zai bi mu Kumasi da nasa kashin a aljihu.